Tarihin Motocin Lantarki na Volkswagen: Daga MEB zuwa SSP

Volkswagen kamfanin ƙera motoci ne na Jamus, mai hedikwata a garin Wolfsburg, an kafa shi a 1937. A ƙasar Hausa ba ya bukatar gabatarwa. Dattawa sun san Bosuwaja wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, 'yan baya kuma sun san Golf da ke jigilar fasinja daga tasha zuwa tasha. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga motocinsa na lantarki da harsashin da ake ɗora su a kai, domin a nan ne bayanai suka sha bamban, musamman wajen shekaru.

Asali

Shekaru huɗu ake ambata a matsayin mafari. Kamfanin da kansa yana son a ce 1972, lokacin da ya sa batir a wata motar ɗaukar kaya don gwaji, daga baya ya yi wa Golf haka a 1976. Waɗannan ba su wuce gwaji ba. Ko Golf CitySTROMer ta shekarun 1990 guda 120 kacal aka ƙera. Wasu suna farawa daga 2013 da 2014, shekarun e-up! da e-Golf. Wasu kuma sai 2019, da aka fara ƙera ID.3. A nan an ɗauki 2015, kuma ga dalili.

Ranar 18 ga Satumba, 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata manhaja mai gane lokacin da ake gwajin hayaƙi. Idan ana gwaji sai mota ta natsu, idan ta hau titi sai ta saki gubar da ta ninka abin da doka ta yarda sau da yawa. Motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Cikin kwana biyar shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya ajiye aiki, kuma tara da diyya sun ci fiye da Yuro biliyan 30 a shekarun da suka biyo baya. Wata ɗaya bai cika ba da tonuwar asirin, a Oktoba, sai shugabannin sashen Volkswagen, ƙarƙashin Herbert Diess wanda bai daɗe da zuwa daga BMW ba, suka sanar da cewa za a ƙera harsashi na musamman don motocin lantarki. Kafin wannan rana lantarki abin ado ne a kamfanin. Abin kunyar dizal ne ya mai da shi dole.

Abin da ake nufi da harsashi

Masu ƙera motoci ba sa zana kowace mota daga farko. Akwai shasi da ƙafafu da mazaunin inji da wayoyi waɗanda ake yi iri ɗaya, sannan a ɗora bodi daban-daban a kai, a liƙa tambari daban-daban. Volkswagen gwani ne a wannan. Harsashinsa na MQB da ya fito a 2012 shi ne a ƙarƙashin Golf da Audi A3 da Skoda Octavia da Seat Leon, motoci huɗu masu farashi huɗu amma ciki ɗaya. Ribar kamfanin daga nan take fitowa: idan ka sayi ƙarfe iri ɗaya miliyan-miliyan, mai sayarwa zai rage maka.

Matsalar ita ce MQB don injin fetur aka yi shi. Da aka zo yin e-Golf sai aka riƙa cusa batir duk inda aka ga rami, ƙarƙashin kujeru da tsakiyar mota, kamar mai loda kaya a motar da ta riga ta cika. Batirin farko bai wuce kWh 24 da ɗoriya ba.

Zamanin MEB

Sabon harsashin an sa masa suna MEB. Harafin B na ƙarshe daga kalmar Jamusanci Baukasten yake, wato akwatin ƙananan tubalan da yara ke wasan gini da su. Tsarinsa kuwa: batir a shimfiɗe kamar katifa a ƙasan mota tsakanin tayoyin gaba da na baya, injin lantarki a baya yana tura tayoyin baya, tayoyi huɗu an matsar da su can kusurwa. Wanda ya taɓa buɗe bayan Bosuwaja ya ga inji a can zai yi murmushi, don an koma gidan jiya ne. Ana ƙara tubalan batir ko a rage gwargwadon farashi, shi ya sa ID.3 ta fito da batir na kWh 45 da 58 da 77. Tsawonta kusan na Golf ne, amma da yake babu injin fetur da giyabos masu cin wuri, cikinta ya fi yalwa.

An nuna samfurin farko a baje kolin motoci na Faris a Satumbar 2016. A Afrilun 2018 Diess ya zama shugaban rukunin kamfanonin baki ɗaya. Ranar 4 ga Nuwamba, 2019, aka fara ƙera ID.3 a masana'antar Zwickau da ke gabashin Jamus, garin da aka riƙa yin motar Trabant a zamanin gurguzu, kuma shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta halarci bikin. A Yunin 2020 motar fetur ta ƙarshe ta fita daga Zwickau.

Ƙarfe ya yi kyau, amma ƙwaƙwalwar motar ta ƙi. An ƙera dubban ID.3 an jera su a fili suna jiran manhaja, kuma da aka fara miƙa su ga masu saye a Satumbar 2020 akwai abubuwan da ba sa aiki sai an sabunta daga baya. Allon gaban direba yana jinkiri. An cire maɓallan ƙara sauti da na sanyi da zafi, an maye gurbinsu da wani ɗan layi da ake shafawa da yatsa, kuma ba a sa masa fitila ba, don haka da dare sai direba ya riƙa lalube a duhu yana tuƙi. Ƙaramin abu ne, amma babu abin da ya jawo wa motar tsegumi kamarsa, har daga baya shugabannin kamfanin suka amsa kuskure suka yi alkawarin dawo da maɓallai.

Duk da haka iyalin ya yaɗu da sauri: ID.4 da Skoda Enyaq a 2020, Audi Q4 e-tron da Cupra Born a 2021, ID. Buzz a 2022, ID.7 a 2023. An ƙera ID.4 a Jamus da Sin da kuma Chattanooga ta Amurka. Har Ford, abokin hamayya, ya sa hannu a 2019 don amfani da MEB, kuma a kansa yake ƙera Explorer da Capri na lantarki a Kolon. Rukunin Volkswagen ya sayar da motocin lantarki kimanin 452,900 a 2021, 572,100 a 2022, 771,100 a 2023. A 2024 adadin ya sauka zuwa 744,800, bayan gwamnatin Jamus ta janye tallafin sayen motar lantarki kwatsam a Disambar 2023.

Alkawuran 2021

A nan ne mai karatu ya kamata ya yi hattara da shekaru. A Maris na 2021 Diess ya yi alkawarin masana'antun batir shida a Turai kafin 2030. A shekarar kuma aka sanar da SSP, harsashi guda da zai gaji MEB da kuma PPE na Audi da Porsche, har ma da na fetur, ya ɗauki komai daga ƙaramar mota zuwa ta alfarma. Motarsa ta farko, Trinity, an ce za ta fito a 2026 daga sabuwar masana'anta ta Yuro biliyan 2 kusa da Wolfsburg. Rubuce-rubuce da yawa har yanzu suna ɗauke da wannan shekara. Ba ta tabbata ba.

Manhajar duk waɗannan an danƙa ta ga Cariad, reshen da aka kafa a 2020 aka tara masa dubban ma'aikata. Jinkirinsa ya riƙe Porsche Macan ta lantarki da Audi Q6 e-tron kusan shekara biyu, sai 2024 suka fito. Diess bai ga fitowarsu a kan kujera ba. An sanar da saukarsa a Yulin 2022, Oliver Blume na Porsche ya gaje shi ranar 1 ga Satumba. Blume ya soke sabuwar masana'antar, ya tura SSP gaba. Masana'antun batir shida sun koma uku: Salzgitter a Jamus, Balensiya a Sifaniya, da St. Thomas a Kanada. Kamfanin batir Northvolt na Suwidin, wanda Volkswagen ya fi kowa hannun jari a cikinsa, ya karye a Maris na 2025.

Sayen abin da aka kasa yi

Kamfanin da ya saba koya wa wasu ya koma ɗalibi. A 2023, shekarar da kamfanin BYD na Sin ya ƙwace masa kambun kasuwar ƙasar, ya biya kimanin dala miliyan 700 ya sayi kashi 4.99 cikin ɗari na XPeng, shi ma na Sin, don su haɗa motocin kasuwar can. A 2024 ya ƙulla da Rivian na Amurka kan kuɗin da za su iya kai dala biliyan 5.8. Abin da yake saye a wurare biyun iri ɗaya ne: tsarin da kwamfutoci ƙalilan masu ƙarfi ke tafiyar da mota, maimakon gomman ƙananan akwatuna da kowanne ya fito daga wani ɗan kwangila da manhajarsa.

A gida kuma, ranar 20 ga Disamba, 2024, bayan yajin aikin gargaɗi, an daidaita da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall: za a rage guraben aiki fiye da 35,000 a Jamus kafin 2030, Golf mai fetur za ta koma Puebla ta Meziko daga 2027, Wolfsburg kuma ya jira Golf ta lantarki a kan SSP.

Abin da aka tsara

MEB, wanda aka so a yi wa ritaya da wuri, shi aka yi wa kwaskwarima aka kira MEB+. A ƙananan motocinsa inji ya dawo gaba, batir kuma ya haɗa da nau'in LFP mai araha. An kuma fara dawo da sunayen da mutane suka sani: samfurin ID. 2all na 2023 ya zama ID. Polo, wadda aka sa wa farashin kusan Yuro 25,000, aka kuma tsara ƙera ta a Sifaniya tare da 'yan uwanta na Cupra da Skoda. Ta Yuro 20,000, wadda aka nuna a Maris na 2025 da sunan ID. Every1, an tsara ta fito daga Palmela ta Fotugal a 2027, ita ce ta farko da za ta ɗauki manhajar Rivian.

SSP kuwa, an ce 2026, aka koma 2028, daga baya kuma aka ce ƙarshen shekarun 2020. Duk shekarar da aka ba shi, a rubuta ta da fensir.