Libarbar Ingila da ta Faransa a zamanin da aka shata iyakar Illo

Wanda ya tashi daga Kurgu ko Bagudo ya nufi Lolo ko Tsamiya don ƙetarawa Jamhuriyar Benin, layin da zai tsallaka a birnin Paris aka zana shi, ranar 14 ga Yuni, 1898. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ta ce iyaka za ta taɓa Kogin Kwara mil goma sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Da haka Illo da Bussa suka faɗa hannun Ingila, Nikki kuwa ta tafi ga Faransa, aka raba ƙasar Bargu biyu, tare da tsohuwar hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja.

Kafin a kai ga alƙalami, sai da aka yi shekara huɗu ana kallon hadarin kaji. A watan Nuwamba na 1894 Kyaftin Lugard, yana yi wa kamfanin Royal Niger aiki, ya riga Kyaftin Decoeur na Faransa isa Nikki da 'yan kwanaki. A 1897 Faransawa suka kafa sansani a Bussa, Ingila kuma ta kafa rundunar da Lugard ya jagoranta don ta tare su. Hafsoshin ɓangarorin biyu sun yi ta cin karo a ƙauyuka, kowa da tutarsa, kowa da libarba a ƙugu. Waɗannan ƙananan bindigogi sun cancanci a dube su da kyau, don kowace ƙasa da irin tunanin da ta zuba a ƙirar tata.

Sojan Ingila ya karɓi libarbar Webley a 1887. Harsashinta mai kauri ne, ya haura milimita 11, nauyinsa kusan giram 17, amma ba shi da gudu sosai. An yi ta ne don abokin gaba da ya riga ya iso kusa. Abin da ya fito da ita shi ne saurin ɗuri: a danna maɓalli da babban yatsa, bindigar ta karye biyu a gaɓarta, kwanson harsashi shida su yi tsalle waje gaba ɗaya, a zuba sababbi a mayar a rufe. Mutumin da ke kan doki zai iya yin wannan ba tare da ya sauka ba.

Faransawa kuwa suna da biyu. Tsohuwar ta 1873 gangar jikinta ƙarfe ɗaya ne, ba ta karyewa, amma sai an cire kwanso ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa a gefe. Sabuwar ta 1892, ƙirar masana'antar Saint-Étienne, ita ma jikinta ɗaya ne, sai dai gidan harsashin ne ke fitowa ta hannun dama. Aikinta tsaf, saitinta mai kyau, amma harsashin milimita 8 ne, an kuma daɗe ana kukan ba shi da nauyin duka.

A ganina, a dajin Bargu na wancan lokaci Webley ta fi amfani. Amma idan ana maganar ƙarkon gini, Faransawa ne suka hango gaba. Gaɓar nan da ke ba Webley sauri ita ce kuma rauninta, don duk harbi a kanta da makullinta yake ƙarewa. Shi ya sa da Amurkawa suka shigo da harsasan magnum, .357 a 1935 da .44 a tsakiyar shekarun 1950, manyan kamfanoninsu suka tsaya kan jiki guda. Harsashin .44 bai kai na Webley nauyi ba, amma gudunsa ya kusan ninka nata. 

Kada a manta da masu ƙasar. Bargawa sun yi suna da kwari da baka, kuma a hanyarsa ta dawowa daga Nikki aka yi wa Lugard kwanton ɓauna, kibiya mai dafi ta same shi a ka, da ƙyar ya sha. Su kuwa Turawan biyu, duk da zaman ɗar-ɗar ɗin da aka yi, yaƙi bai ɓarke tsakaninsu ba.

Mai karatu da wannan tarihi ya ba shi sha'awa ya sani cewa Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Wanda ya tsinci irinta a kayan gado, ko da ta yi tsatsa, ya sanar da hukuma.