Daimon mai aibi da hoton MRI

Jama'a, ni dai tarihin nan yana burge ni. Na'urar MRI tana dogara ne da 'yan ƙananan maganaɗisun da ke tsakiyar ƙwayar zarra, amma kaɗan ne ke fuskantar gefe guda, shi ya sa siginar ke da rauni. A 1953 Albert Overhauser ya ce ilektiron zai iya jera su. Manyan masana suka yi tababa, sai Carver da Slichter suka tabbatar. A 2015 rukunin Alexander Pines a Berkeley ya yi hakan ba tare da sanyaya komai ba, da koren hasken leza kan daimon mai aibi, wato nitirojin kusa da gurbin karbon. Sauran aiki yanzu, kai wannan jeri cikin ruwan allurar majinyaci.