Shin “Bisa” Ta Tsufa? Hujja Daga Kwarin Komadugu

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin wasu malaman nahawu cewa “bisa” ta bi sahun kalmar Ingilishi “upon”, wadda ta cika fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 amma a yau ba ta cika fita daga takardun hukuma da adabi ba. A ganinsu, “kan” ta gaje “bisa”, abin da ya rage mata kawai shi ne “bisa zargin” da “bisa doka” na 'yan jarida. Ina ganin an yi gaggawar yi mata jana'iza.

Tun a tsari kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. “Kan” daga “kai” take, da -n na mallaka, kamar “cikin” da “bayan”. “Bisa” kuwa tana tsayawa da ƙafarta (Newman 2000). Shi ya sa ake cewa “ya hau bisa” a yi shiru, amma ba a cewa “ya hau kan” sai an faɗi abin da aka hau. Abokiyar adawar “bisa” ita ce “ƙasa”, aikin da “kan” ba ta iya ɗauka.

A saurari masu lodin tattasan Komadugu a Maine-Sorowa ko Diffa: “ɗora buhun bisa mota”, “yaron na bisa”. Wannan ba harshen littafi ba ne.

Wani abokin aiki ya ƙalubalance ni da cewa Maine garin Mangawa ne, Hausa harshen kasuwa ce a wurin, kuma harshensu na Barbarci yana liƙa alamar wuri a bayan suna, don haka bakinsu ba hujja ba ne. Rabin maganarsa gaskiya ce. Sai dai wanda ya koyi harshe a kasuwa ba ya tono matacciyar kalma. Abin da ya ji a bakin fatake da direbobin hanyar Damagaram shi yake maimaitawa. In har ya ce “bisa”, to daga masu harshen ya jiyo ta.

Ba zan ce haka take ko'ina ba. A Kano “kan” ta yi rinjaye. Iyakar abin da hujjar ta nuna shi ne bambancin karin harshe, ba tsufa ba. Saboda haka bai kamata malami ya ja wa ɗalibin Diffa jan layi don ya rubuta “bisa” ba.