Kasuwar Kurmi: Ginin da Ba a Gani da Ido

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Kaita, ya san baƙin rawanin nan mai ƙyalli da dattawan Abzinawa kan naɗa ranar salla, wanda ke barin shuni a goshi. Tun ina yaro a Sabon Gida nake jin ana ce masa ɗan Kura, ban kuwa san Kura gari ne a kudancin Kano ba sai da na girma. A can ake rina shi a buga shi, sannan ya bi ta hannun dillalan birni ya kamo hanyar arewa. Wannan rawani shi ya sa nake ganin Kasuwar Kurmi tamu ce mu ma, ko da yake iyaka ta raba mu da ita.

Littafin Tarihin Kano ya lissafa kafa Kurmi cikin sababbin abubuwa goma sha biyu da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kawo. An kafa ta a tsakiyar birni, a gefen Jakara. Littafin ya nuna cewa a zamanin Yakubu, wanda Rumfa ya gada, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa bayan zuwan Abzinawa Gobir, Barebari kuma suka yi ta shigowa. Ke nan fatauci ne ya riga kasuwa zuwa. Sarki wuri ya ba shi da doka. Kalmar "kasuwa" kanta, in ji masana harshe, daga "kasugu" ta Barebari muka aro ta.

Idan malami ya buɗe littafin tarihin birane, hoton da zai fara gani na kasuwar Musulmi shi ne na Farisa. Kasuwar Tabriz, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2010, gini ce ta jan bulo, lunguna rufaffu da ƙubbobi, da masaukin fatake da masallatai duk a haɗe. An sake gina yawancinta bayan girgizar ƙasa ta 1780. A Isfahan kuma, Shah Abbas da ya mai da babban birninsa can a 1598 ya buɗe ƙofar kasuwa a kan babban dandali, tana fuskantar masallaci. Wanda ya saba da waɗannan hotuna, in ya shiga Kurmi zai ce ba shi ga gini ba. Ni a ganina kuskure ne, kuma kuskuren da ɗalibanmu ke saurin ɗauka.

Abin da Farisawa suka tara ƙarƙashin rufi ɗaya, Kanawa sun baza shi ne cikin birni. Rumfunan kasuwa wurin baje samfuri ne da ciniki. Ajiyar kaya da kwanan baƙi suna gidajen fatoma, masu zaure da soraye na tubali, inda maigida ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Dabbobin ayari kuma suna zango. Sunayen unguwannin da ke kewaye da kasuwar har yau suna ba da shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna tun kafin a kira Nasara da wannan suna. Karofin Ƙofar Mata da maƙeran birni su ne masana'antunta. Taswirar Kurmi ba ta cika sai an haɗa da waɗannan.

Cikin kasuwar ma akwai tsari. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a Janairun 1824, ya tarar da rumfuna jere layi-layi, kowace haja da sashenta, ga shugaban kasuwa mai ba da hayar rumfa da sa ido kan farashi. Abin da ya fi burge shi wata ƙa'ida ce: akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, in an kai shi har Barno aka kwance aka ga algus, sai a mayar, dillali ya nemo mai kaya a biya. Wace ƙubba ce ta kai wannan ƙarfi? Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 aƙalla, ya kuma ce suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Clapperton ɗin nan ya ga dogayen rumfuna biyu na cinikin bayi, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. Mutane ne aka jera kamar kantun gishiri, wasunsu kuma ƙafarsu ce ta taka hamada zuwa arewa. Haka nan kasuwar ta sha hannun sarakuna: Tarihin Kano ya ce Sarki Kumbari (1731–1743) ya tsananta haraji a Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe suka koma Katsina. Falke ba ya jayayya da sarki, ƙaura yake yi.

Ingilishi sun ci Kano a 1903. A farkon mulkinsu aka sake gina rumfunan da ƙasa, aka daidaita layuka don sauƙin karɓar kuɗin shiga. Amma abin da ya rage wa Kurmi girma jirgin ƙasa ne, wanda ya iso a 1911. Ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku, gyaɗa ta zama sarauniya, kantunan kamfanoni suka tsiro a wajen ganuwa. Daga baya Sabon Gari da Kantin Kwari suka ɗauke manyan ƴan kasuwa. Jikokin Agalawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Abzinawa yake, sun bi sabon zamani suka yi fice. Alhassan Ɗantata ɗaya ne daga cikinsu.

A 2007 Najeriya ta sa Kurmi, tare da ganuwa da Dala da gidan sarki, cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su. Sai dai siminti da kwano sun ci yawancin rumfunan ƙasa, tsofaffin gidajen fatoma kuma ana rushe su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an auna ko an zana su ba. Lungunan dai na nan, ƙunci ɗaya, inda mutum biyu kan goga kafaɗa kafin su wuce. A nan har yanzu za ka sami sirdi da linzami, jakar fata, duwatsun wuya, da baƙin rawanin da ake ɗaure wa a takarda don masu zuwa daga Tawa da Agadas.