Tarihin Daɓen Ɗaki: Daga Madaɓi Zuwa Karo

Idan kaka ta yi, aka cika rumbu, aka saida wake da gujiya, to lokacin gyaran gida ya zo. Wani zai aurar da ɗiya, wani zai kawo amarya. Sai shawara ta tashi tsakanin maigida da uwargida: mi za a sa a ƙasan ɗaki? Siminti, ko leda, ko karo? Ɗan'uwa, kafin ka fitar da kuɗɗin guminka, bari mu waiwaya baya mu ga yadda kakanninmu suka yi, da yadda muka iso inda muke yau.

Zamanin rairayi da madaɓi

A da can, ba a zuwa kasuwa domin ƙasan ɗaki. Inda babu tsakuwa, mata kan ɗebo rairayi mai tsabta, su tankaɗe, su baza. In ya yi dauɗa, a kwashe a zuba sabo. Bisa gare shi a shimfiɗa tabarmar kaba. Kaba kuwa tana da yawa a ƙasarmu, har akwai kwarin da ya ci sunanta, watau Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi.

Inda ake samun burji, jar tsakuwar nan ta fako, sai a yi daɓe. Maza su haƙo burji, jakai su kawo. Daga nan aiki ya koma hannun mata. Za a daidaita ƙasa, a baza burji, a yayyafa ruwa. Matan unguwa su jeru, kowace da madaɓinta na icce, suna bugu tare, suna waƙa. Ana bugu ana yayyafa ruwan makuba, watau ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki. Wasu kan sa ruwan bagaruwa. Shi ke ɗaure tsakuwa da ƙasa, ya hana ruwa saurin shiga. In an gama, daɓe ya yi tauri, ya yi ja-ja baƙi-baƙi, yana ƙyalli.

Ba a biyan matan nan da kuɗɗi. A dama musu fura, a raba goro. Yau ɗakin ɗiyar wance, gobe na ɗiyarki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zuwan siminti

Siminti irin wanda muke gani yau, wani magini ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ne ya samu takardar mallakar dabararsa a 1824. Farin dutse ne da yumɓu ake gasawa cikin wuta mai tsanani, sa'an nan a niƙe.

Sojan Faransa sun kama Damagaram a 1899, amma siminti bai yawaita nan da nan ba. Daga ƙetaren teku ake kawo shi. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kayan kantunan Maraɗi da Damagaram da yawa ta can suke biyowa. Abin da ya sha wannan doguwar tafiya ba ya araha. Saboda haka sai a bariki da kantunan Turawa ake ganin ƙasan siminti.

A 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, aka tashi aka koma bisa tudu, aka yi sabon gari. Bayan haka cinikin gujiya ya bunƙasa. Alhazai suka yi kuɗɗi, suka fara gine-ginen siminti, mutanen ƙauye masu kawo gujiya suna gani suna sha'awa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa masana'antar siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa, inda farin dutse yake. Ta fara aiki a 1966. Ta Sakkwato kuma ta biyo baya a 1967. Daga nan buhun siminti ya soma shiga kasuwannin ƙauye.

Magini ɗaya da yaronsa kan gama ɗaki cikin wuni guda. Ga kuma farin 1973 da na 1984 da suka kashe itatuwa masu yawa, ɗorawa ta yi ƙaranci a wurare da dama. Babu ɗorawa, babu makuba. Sannu a hankali madaɓi ya koma bayan rumbu. Abin da ke hannun matan unguwa ya koma aljihun maigida.

Leda da karo

Daga baya leda ta shigo, mai zane kala-kala, ana aunawa da mita. Ta zama cikin kayan ɗakin amarya. Sa'an nan karo ya zo, ya fara daga gidajen manya a Yamai da sauran birane, har ya kai ƙauyuka. Amma abin saye yana bin farashin kasuwa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗɗin CFA da rabi, kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada ƙwarai. Mai daɓen makuba bai ji wannan zafi a ƙasan ɗakinsa ba.

Abin da tarihin nan ya koya mana

Kada a ce siminti bai kawo alheri ba. Jariri yana rarrafe, yana kai hannu baka. Ƙasa mai ƙura tana riƙe ƙwan tsutsar ciki, ga shi ba ta wankuwa. An gwada wannan a wata ƙasa mai nisa, Meksiko. Tun daga shekarar 2000 hukuma ta riƙa zuba siminti a ɗakunan talakawa. Da aka bincika, sai aka ga zawo da tsutsar ciki sun ragu sosai ga yara.

To amma matan da sun san wani abu da muke mantawa: ƙarfin daɓe yana ga bugu. Yau mutum kan baza siminti siriri bisa ƙasa mai taushi. Kafin damina biyu ya farfashe. Sai a rufe da leda, danshi ya taru ƙarƙashi, gara da kunama su samu gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka, in za ka saye, riƙe waɗannan:

1. Ka fara auna ɗakinka. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, filinsa mita 12 ne. Da wannan lissafi za ka je kasuwa.

2. Ko mi za ka sa, a ɗaga ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tudu, a zuba tsakuwa, a jiƙa, a daɓe sosai tukuna.

3. Buhun siminti kilo 50 ne. Ka taɓa shi. In ya yi gudaji masu tauri, ya sha danshi, kada ka saye.

4. A kwaɓa awo ɗaya na siminti da awo uku ko huɗu na yashi mai tsabta. Bayan an zuba, a riƙa jiƙa shi da ruwa har kwana 7.

5. Kada a shimfiɗa leda sai ƙasa ta bushe sarai. A riƙa ɗaga ta ana sharewa.

6. In karo ne, ka zaɓi marar santsi saboda tsofaffi da yara. Ka sayi duka a lokaci guda, da ɗan ƙari domin wanda zai fashe.

In kuma kuɗɗinka ba su kai ba, kada ka taɓa hatsin rumbu domin ƙasan ɗaki. Daɓe mai kyau ya fi siminti mai rowa. Watakila a garinku akwai tsohuwar da ta san yadda ake jiƙa makuba. Ku je ku tambaye ta tun tana nan, ƴan mata su tsaya su koya.