Daga Wasiƙa Zuwa Intanet: Tarihin Ƙidayar Masu Sauraro

Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, wasiƙu na cikin manyan hanyoyin sanin inda muryarsa take kaiwa. A da, mai sauraro a Zangon Sokode, ƙasar Togo, sai ya sayi kan sarki kafin ya aika tambayarsa zuwa shirin Amsoshin Takardunku. Da Google Analytics ya fito a 2005, masu shafukan intanet sun ƙara samun sauƙin sanin yawan maziyarta, da ƙasashensu, da daɗewarsu a shafi. Sai dai na'ura ake ƙirgawa, ba mutum ba. Ko mutum goma suka saurari waya ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya za a rubuta.