Masu Jajayen Kaya a Tudun Legon

Ni ban taɓa kwana a gidan ɗalibai ba. Lokacin da nake karatun difloma ta aikin jarida, daga Nima nake shiga mota da safe, in koma gida da yamma. Wataƙila shi ya sa ranar da na fara hawa tudun Legon da rakoda a hannu, abin da na gani a gidan Commonwealth na Jami'ar Ghana ya tsaya mini a rai: samari sanye da jajayen kaya, da shugabansu, da majalisarsu, da asusunsu, kai har da sarkinsu.

Tsarin ba a nan ya samo asali ba. Da aka kafa jami'ar a 1948, Turawa sun kwaikwayi tsofaffin jami'o'in Ingila, inda ɗalibi a gidan kwanansa yake ci, a nan yake karatu, a nan ake yi masa tarbiyya. Kowane gida yana da majalisa biyu, ta malamai da ta ɗalibai, wadda ake kira JCR. Gidan Legon ne na fari, sai Akuafo, wato manoma a harshen Akan, don karrama manoman koko. Na uku ya ci sunan ƙungiyar Commonwealth, wadda Ghana ta shiga da ta sami 'yanci a 1957.

Majalisar ɗaliban ba wasan yara ba ce. Ana tsayawa takara, a yi yaƙin neman zaɓe, a jefa ƙuri'a. Wanda ya ci shi zai riƙe kuɗin da kowa ya biya, shi zai kai kukan ruwa da wuta gaban shugaban gida, shi kuma zai sha tambayoyi a taron gida. Yaron da bai taɓa buɗe baki gaban mutum goma ba, a nan yake koyon tsayawa gaban ɗaruruwa ana yi masa ihu. John Mahama ma a wannan gida ya zauna.

Sai dai mazauna Commonwealth sun ɗora wani abu a kan na Turawa. Suka raɗa wa kansu suna Vandals, suka ɗauki ja, suka naɗa sarkin gargajiya da fadawansa, da waƙoƙi, da al'adun karɓar sabon shiga. Sarki biyu ke nan a gari ɗaya: wanda takarda ta sani, da wanda samari suke jin maganarsa.

A nan rigimar take. A 2010 hukumar jami'a ta so ta mayar da gidan na manyan ɗalibai maza da mata, magana ta kai kotu, gida ya ci gaba da zama na maza zalla. A watan Agustan 2022 faɗa ya ɓarke tsakaninsu da 'yan gidan Mensah Sarbah. Aka ƙone mota, aka yi gaba da mutum-mutumin John Mensah Sarbah. Kafin shekarar ta ƙare, jami'a ta ce tsofaffin ɗaliban Commonwealth su tattara kayansu, sababbin shiga da masu digiri na biyu ne za su zauna.

Da na kawo maganar a shirina, masu kira suka rabu. Ni dai ban ga laifin jami'a ba da ta hukunta masu ƙone-ƙone. Abin da ya dame ni daban ne. Irin wannan mulki ba a littafi ake koyonsa ba, ɗan shekara uku ne yake nuna wa ɗan shekara ɗaya yadda ake kiran taro da yadda ake tambayar ma'aji lissafi. In aka kwashe manyan a dare ɗaya, wa zai nuna wa ƙananan?